Rangwamen Kuɗin Fito da Rabon Ɗan Sari: Nazari Daga Iyakar Jibiya

Akwai wata mas'ala da ba ta daina dawowa a bakin 'yan kasuwar da ke kai-komo tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi, kuma duk wanda ya taɓa zama a rumfar 'yan sari ranar kasuwa ya ji ta, ko da da lafazi daban-daban. Cewa suke yi, tun da ɗan sari ba shi ne zai ci shinkafar da ya shigo da ita ba, ba kuma shi zai ɗaura atamfar ba, iyakarsa ya sauke kaya ya miƙa wa na gaba da 'yar riba, me ya sa hukuma za ta tare shi a bakin iyaka ta karɓi haraji tun kafin ya sayar da ko buhu guda? Kuma idan biyan wajibi ne a kan kowa, ta yaya ake jin cewa wasu manyan kamfanoni suna shigo da jirgin ruwa cike da kaya da takardar yafewa a hannunsu? Tambayar ta cancanci amsa a natse, musamman ga mutanen garuruwa irin su Bugaje da Magama da sauran gundumomin ƙaramar hukumar Jibiya, waɗanda kowace doka da aka tsara a Abuja game da shigo da kaya takan iso ƙofar gidajensu a siffar shingen jami'ai da tsadar mudu.

Sanannen abu ne cewa iyakar nan ta zo ta tarar da kasuwancin yana gudana. Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina na dā ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga birni a farkon ƙarni na 19, har yau kuma sarautar garin tana ɗauke da sunan Katsina. Sa'an nan Ingila da Faransa, bayan yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, suka aiko ma'aunansu suka kakkafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, suka raba dangi da gonaki da hanyoyin fatake gida biyu. Daga ranar nan buhun da ya tashi daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ya zama kayan ƙasar waje a idon doka, alhali mai sayarwa da mai saye watakila kakansu ɗaya.

Kafin a yi hukunci, ya wajaba a rarrabe haraji iri biyu da mutane kan cakuɗa. Na farko kuɗin fito ne, wanda ake biya saboda kaya sun ƙetaro iyaka. Na biyu harajin ciniki ne, wanda manufarsa ta faɗa kan mai amfani da kayan a ƙarshe. Hujjar 'yan sari tana da ƙarfi a kan na biyun, kuma akwai ƙasashen da suka karɓe ta. A yawancin jihohin Amurka sau ɗaya ake karɓar harajin ciniki, lokacin da mai kanti ya sayar wa mai amfani, don haka wanda ya sayi kaya domin ya sake sayarwa yakan nuna takardar shaidar cewa shi ɗan sari ne, a ba shi kayan ba tare da wannan haraji ba. Amma ko a can takardar ba ta amfanar da shi komai a gaban kwastan, kuɗin fito yana nan a wuyansa.

Najeriya ta bi wata hanya daban. Tun daga watan Janairu na 1994, lokacin da harajin ƙarin daraja, wanda aka fi sani da VAT, ya maye gurbin tsohon harajin ciniki, ake karɓarsa a kowane mataki, daga bakin tashar ruwa har zuwa kanti, da farko kashi 5 cikin ɗari, daga Fabrairun 2020 kuma kashi 7.5. Ƙa'idar ita ce ɗan kasuwar da ya yi rajista ya cire abin da ya biya wajen saye daga abin da ya karɓa wajen sayarwa, ya miƙa wa hukuma ragowar, ta yadda a ƙarshe nauyin ba ya zama a kansa. Wato doka ta amince da hujjarsa, sai dai ta ce ya fara biya tukuna, daga baya ya cire. A nan ne talakan ɗan sari yake cutuwa, domin cirewar tana buƙatar rajista da rasit da littafin lissafi da akawu, shi kuwa cinikinsa na amana ne da baki, shaidarsa dillali ne da maƙwabcin rumfa. Saboda haka abin da ya biya a iyaka ya tafi ke nan, sai dai ya ɗora shi a kan farashi. Kayan abinci na yau da kullum an keɓe su daga wannan haraji, amma yadi da takalma da kayan gini da kayan lantarki suna ciki.

Shi kuwa kuɗin fito ba ruwansa da niyyar mai kaya. Tun daga 2015 ƙasashen ECOWAS suke aiki da jadawali guda mai matakai biyar, daga sifili zuwa kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari, gwargwadon nau'in kaya, Najeriya kuma takan ɗora nata ƙarin a kan wasu abubuwa kamar shinkafa da sukari da motoci. A ɗauki misali da kayan da kimarsu ta kai naira miliyan 10 a matakin kashi 20: kuɗin fito miliyan 2 ne, kuma bisa lissafin da aka saba shekara da shekaru akan ƙara kashi 7 cikin ɗari na wannan kuɗin, da rabin kashi ɗaya na kimar kayan domin ECOWAS, sa'an nan a lissafa VAT a kan jimlar duka, sai ka ga mai kaya ya biya sama da miliyan 3 tun bai ɗora kuɗin mota da na 'yan dako ba. Dalilin da ya sa ba a yafe wa ɗan sari wannan ba ya da wuyar ganewa. Kusan duk abin da ke shigowa ƙasa da yawa domin sayarwa ake shigo da shi, in da za a karɓi niyyar sake sayarwa a matsayin uzuri, da babu wanda zai rage ya biya sai matafiyi da akwatinsa, baitulmali kuma ya wayi gari fanko.

To, ina yafewar da ake ji take? Ƙofofinta kaɗan ne, kuma babu wadda aka rubuta sunan ɗan sari a kanta. Mafi faɗi a cikinsu, kuma mafi dacewa da mutanen iyaka, ita ce tsarin sassauta ciniki na ECOWAS, wanda aka fara a 1979 da amfanin gona da dabbobi da aikin hannu, aka faɗaɗa shi zuwa kayan masana'antu a 1990. A ƙarƙashinsa wake da albasa da dabino da raguna na Nijar suna da haƙƙin shiga Najeriya ba kuɗin fito, haka gero da masara da kayan robar Kano suna da haƙƙin shiga Nijar, da sharaɗin kayan su kasance asalinsu na yankin ne. Sau da yawa mai kayan bai san yana da wannan haƙƙi ba, ko ya sani amma ya ga tsayawa jayayya a kowane shinge ya fi masa asara fiye da ba da na goro, sai yafewar da doka ta yi masa ta narke a hanya kaɗan-kaɗan. Akwai kuma jinkirin biya, inda ake ajiye kaya a rumbun da ke ƙarƙashin kulawar kwastan, ko a tashar tudu irin ta Kaduna da ta Dala a Kano da ta Funtuwa, ko a yankin ciniki na musamman irin na Maigatari, ba a biya sai ranar da za a fitar da su zuwa kasuwar cikin gida. Wannan shi ne sauƙin da ya fi kama da buƙatar ɗan sari, tun da abin da ke karya shi shi ne jarinsa ya kwanta a hannun hukuma kafin ciniki ya faɗa.

Sai kuma kayan wucewa, waɗanda labarin Maraɗi ba ya cika sai da su. Nijar ba ta da teku, don haka kayanta kan sauka a Kwatano ko Lome su ratso ƙasa ba tare da an biya musu cikakken kuɗin fito a hanya ba. Tun zamanin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, lokacin da hanyoyin kudu suka rikice, alhazan Maraɗi suka gane cewa duk abin da Najeriya ta hana shigowa ko ta tsawwala masa haraji, taba ce ko atamfa ko shinkafa ko gwanjo, ana iya kawo shi Maraɗi bisa doka, a biya wa duwan, wato kwastan ɗin Nijar, harajin sake fitarwa, sa'an nan abokan hulɗa daga Katsina da Kano su san yadda za su ƙetarar da shi. Wani manazarci Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan attajirai a 1986. Abin lura shi ne, a gefen Nijar wannan ciniki halal ne mai rasit, yana kuma ciyar da baitulmalinsu, da zarar ya taka ƙasar Najeriya sai ya zama fasa-ƙwauri. Ribarsa duka tana cikin tazarar da ke tsakanin harajin ƙasashen biyu, kuma duk lokacin da Najeriya ta faɗaɗa wannan tazara sai hanyoyin daji su ƙaru, samarin ƙauyukan iyaka su bar gona su hau babur da buhu biyu ko uku a baya.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce wadda ake yawan ƙorafi a kanta, wato takardar yafewa da Ma'aikatar Kuɗi ke bayarwa. Asalinta domin kayan ofisoshin jakadanci ne da na agaji da na tsaro da injunan da ake so a ƙarfafa kafa masana'antu da su, kuma a wannan haddi babu mai inkarinta. Fitina tana farawa ne idan aka ba da ita a kan kayan da za a kai kasuwa a sayar, kuma shinkafa ta ishe mu tarihi. A Jamhuriya ta Biyu, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lasisin shigo da shinkafa ya zama abin da ake nema da kamun ƙafa, har shi kansa lasisin ya koma haja, mai shi ya sayar wa wani ba tare da ya taɓa ganin jirgin ruwa ba. Gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki a 1984, rufewar da ta zo daidai da fari, har mutanen Maraɗi da kewaye suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Aka haramta shigo da shinkafa a 1985, aka soke tsarin lasisi a 1986, aka ɗage haramcin a 1995. A 2013 harajinta ya kai kashi 110 cikin ɗari. A 2014 aka raba shi gida biyu, masu injin casa da suka zuba jari a noma su biya kashi 30, sauran 'yan kasuwa su biya kashi 70, kuma a shekarar da ta biyo baya kwastan da Majalisar Dattawa suka shiga bin bahasin kamfanonin da aka ce sun wuce adadin da aka ƙayyade musu. A watan Maris na 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin tudu gaba ɗaya, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin, a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Lokacin da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari a Disamban 2020 ba a haɗa da Jibiya ba, sai a Afrilun 2022, sa'an nan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa Maris na 2024. A duk waɗannan shekaru mutumin Bugaje da ya sayi buhu guda a birnin Katsina domin iyalinsa yana iya shan tambaya a hanya kamar wanda ya fito da shi daga Maraɗi.

A kan wannan shimfiɗa ne ya kamata a auna rangwamen 2024. A tsakiyar shekarar, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, sai Ministan Noma Abubakar Kyari ya ba da sanarwar dakatar da haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, daga bisani kuma hukumar kwastan ta fitar da ƙa'idoji da suka shafi shinkafar da ba a gama gyarawa ba, da masara, da alkama, da dawa, da gero, da wake, daga 15 ga Yuli zuwa ƙarshen Disamba. Jama'a suka yi murna, amma da aka karanta sharuɗɗan sai aka tarar cewa kamfanin da zai amfana dole ya shekara biyar yana aiki, da shaidar biyan haraji, mai shigo da shinkafa kuma ya mallaki injin casa da ke iya sarrafa tan 100 a rana, da gonaki, kuma kashi 75 cikin ɗari na kayan a sayar da su ta kasuwannin hada-hadar amfanin gona da hukuma ta amince da su. Ba sai an faɗa ba, 'yan sarin Jibiya ko na Dawanau ko na kasuwar Singa da za su tsallake wannan siraɗi ba su da yawa. Gwamnati tana da uzurinta, kuma adalci ne a ambace shi: tana so a iya bin sawun kayan, tana so injunan casa na gida su samu aiki, tana kuma tsoron kada abincin da aka yafe wa haraji ya sake ficewa zuwa maƙwabta, tun da faɗuwar naira daga 2023 ta juya akalar ciniki, hatsin Najeriya ya zama araha ga mai riƙe da sefa. Sai dai uzurin bai kawar da illar ba. Idan mutum goma ne kaɗai aka yafe wa, sauran dubu suna biya, farashin kasuwa zai tsaya kusa da na masu biya, bambancin kuma ya zauna a aljihun goman, sai fa abin da gasa a tsakaninsu ta tilasta musu su saki.

Malamanmu na fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan babi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya sanya ushiri a kan fataken da ke shigowa daga ƙasashen da ba na Musulmi ba, kuma Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa ya rage wa fataken Nabaɗawa zuwa rabin ushiri a kan alkama da mai, domin a yawaita kawo su Madina, alhali ya bar cikakken ushiri a kan dangin wake. Wannan rangwamen shigo da abinci ne ƙarara, an yi shi saboda maslahar masu ci. Abin da ya bambanta shi da namu shi ne an rataya shi a kan nau'in kayan, duk wanda ya kawo alkama ya samu, mai raƙumi ɗaya da mai ayari, ba a ce sai wane da wane ba. Ta haka fatake suka yi gasa a tsakaninsu, sauƙin ya gangaro zuwa ga mai saye. A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓe-karɓen da sarakuna ke yi wa 'yan kasuwa ba bisa shari'a ba a cikin abubuwan da ya yi inkari. A ganina ma'aunin da za a ɗauka daga magabata shi ne wannan: rangwamen da ya bi kaya yana da hujja idan larura ta kama, wanda ya bi sunan mutum kuwa kyauta ce daga dukiyar jama'a, ko da an yi mata ado da sharuɗɗa.

Duk da haka ban ce a buɗe ƙofa a bar ta a buɗe ba, domin akwai wani mai haƙƙi da ba a cika jin muryarsa a wannan muhawara ba, shi ne manomi. Wanda ya yi noman rani a bakin madatsar ruwan Jibiya, ya sayi taki da fetur na ban-ruwa da tsada, idan ya kai shanshera kasuwa ya tarar shinkafar waje ta karya farashi, baɗi ba zai koma fadama ba; kuma an ji irin wannan kuka daga manoman Arewa a 2025, lokacin da farashin hatsi ya sauka ƙasa da abin da suka kashe. Shi ya sa nake ganin haraji matsakaici, wanda aka sanar tun kafin damina, aka kuma bar shi ya daɗe bai canja ba, ya fi amfani ga manomi da ɗan sari da mai saye baki ɗaya fiye da haraji mai tsanani da ake huda shi da takardun yafewa. Idan harajin bai fi kuɗin da ake kashewa a hanyar daji ba, mai kaya da kansa zai zaɓi ya bi ta ofishin kwastan na Magama ya karɓi rasit, ya kwana da kwanciyar hankali.

Yanzu kuma wani sabon al'amari ya shigo. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mu'amala da kayansu bisa tsohon tsarin sassauci har zuwa wani lokaci, ƙasashen uku sun sanya nasu harajin na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Wato ƙofar da ta fi kowace amfani ga ƙananan 'yan kasuwar iyaka, ta kayan da aka noma ko aka ƙera a yankin, ta koma tana rataye da alƙawarin wucin gadi. A lokaci guda ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, da fatan kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwan Najeriya. Jirgin zai rage kuɗin dako, amma kayan da ke cikin taragunsa za su tarar da jadawalin haraji ɗaya da wanda babbar mota ke tararwa a yau. Abin da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Katsina da Jibiya za su iya nema tun yanzu, kuma yana cikin ikon hukuma ba tare da sabuwar doka ba, shi ne a kafa rumbun ajiya na kwastan kusa da iyaka wanda ƙananan 'yan sari za su iya haɗa kai su yi amfani da shi, a liƙa jadawalin kuɗin fito da jerin kayan da aka yafe da Hausa, boko da ajami, a ofishin Magama da bakin kasuwa, a kuma rage shingayen da ke tsakanin Jibiya da birnin Katsina zuwa adadin da hukuma za ta iya ambata sunayensu ɗaya bayan ɗaya.